Shan Iskar Inna Gudiya a Aliero

"Lahiya lau, ango. Ƙaƙa Birni? Gwamnatin taku sabuwa ta hwara tahiya, ko har yau rarrahe takai?"

"Tana gaishe ki, amarya. Ta ce in zo in duba ko kin ƙara tsuhwa."

"Ka ce mata tsuhwa ta zo ta ishe ni ina aiki, ta ce ta dawo wata rana."

Inna Gudiya ke nan ta Mungadi, ita da jikanta Attahiru. Sunan marigayi mijinta ya ci, don haka bakinta bai taɓa furta sunansa ba, sai "ango", in ya ɓata mata rai kuma "mijin banza". Tun da aka yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato aka kwaso su Attahiru aka zuba a ofisoshin Birnin Kebbi, yaro ya zama ɗan birni, har da agogo da rufaffen takalmi. Wannan Asabar da hantsi sai ga shi a ƙofar gida cikin wata tsohuwar Fijo ta aro, babu suna, babu biki, babu gaisuwar mutuwa.

Ita kuwa tana zaune bisa tabarma, ta lulluɓe da mayafi cikin zafin da kare ma ke neman inuwa. Ba sanyi take ji ba, hannunta na dama take ɓoyewa. Kwanan baya ta hau rumbu ɗibar dawa da kanta, saboda ba ta yarda da awon Hindu matar ɗanta ba, tsani ya zame, ta sauko kan hannu. Wuyan hannun ya kumbura ya yi suntum, ya fara karkacewa. Ta shafa man shanu, ta ɗaure da tsumma, ta ce wa mutanen gida targaɗe ne. A zuciyarta ta san karaya ce, kuma tsoro take ji ƙwarai kada hannun ya tafi ke nan.

Maganin abin bai yi nisa ba, Aliero ga ta nan gaba da Jega, garin masu ɗori. To amma Gudiya ta ɗaure kanta da bakinta tun tana budurwa. A kasuwar Jega ne wani saurayi ɗan gidan masu ɗori, Sambo, ya biyo ta da zance, yana warin albasa. A gaban ƙawayenta ta ɗaga masa hannu ta ce, wannan hannun har ya bushe ba zai riƙe shi ba. Da ta bar maganar nan inda ta faɗe ta da an manta. Ina! Babu suna babu biki da ba ta ba da labarin ba, har jikokinta sun haddace. Magana kuwa zarar bunu ce.

Attahiru ya durƙusa ya miƙo mata tsaraba, sabulu da turmin atamfa. Ta zaro hagu ta karɓa.

"Amarya, da hagu aka karɓar kayan miji?"

"Kayan miji irinka ko da ƙahwa na karɓa na yi mai alheri."

"Tau naj ji. Tashi ki dama min hura da hannunki, ta Birni ruwa ta."

"Hindu ta dama ma. Ni na gama bautar aure tun kakanka na da rai."

"Ke da ba ki bari Hindu ta taɓa ludayinki?"

"Na yi mata gahwara. Kai mi yak kawo ka? Sun kore ka aiki ko? Hwaɗi gaskiya, in sa a ba ka hauya."

"Ba su kore ni ba. Shan iska niz zo ɗaukar ki."

"Shan mi?"

"Iska. Haka ma'aikata ka yi Birni. Ran Asabar mutum shi ɗau iyalinai cikin mota, su hita bayan gari, su ga gulbi, su ci kihi, su komo da marece."

"Wa yam mutu can bayan garin?"

"Babu wanda yam mutu."

"Wa yah haihu?"

"Babu."

"Ranar kasuwa ta?"

"A'a."

Gudiya ta juya wajen madafa ta ɗaga murya. "Hindu! Hito ki ga ikon Allah. Mutum da hankalinai shi ƙona mai, shi tahi inda ba a kira shi ba, shi komo hannu wohi, wai ya sha iska. Ango, iskar Birni ƙarewa tay yi, ko ita ma sai da takarda aka ba da ita?"

"Ta Birni ta masu aure ta. Ni matata na ƙauye, dole in biyo ta."

"Kakanka bai taɓa hita gida babu dalili ba. Albasa dai ba ta yi halin ruwa ba."

"Shi ya sa yam mutu bai taɓa kai ki ko'ina ba. Ni kau ga mota ƙohwar gida. Ko tsoro kika ji? An ce rabonki da mota tun tana da hannun tayarwa gaba."

"Ni? Na shiga mota ubanka na goye bayana!"

"Tau tashi mu gani. Gani ya kori ji."

Hindu ta leƙo daga madafa ta koma da sauri, kamar mai ɓoye dariya. Nan Gudiya ta gane wadda ta aika Birni da labari. A ranta ta ce, kifi na ganinka mai jar koma. Sai dai hannun na zuga, zugin da ba ya barin ta ta yi alwala yadda take so, ga shi zane ma sai ta haɗa da haƙori take ɗaura shi. Sai ta samo wa kanta hanya.

"Jega kaɗai. In ga gada in komo. Ka wuce Jega da taki ɗaya, auren ga ya mutu."

"Aure nawa kika kashewa kullum? Tashi, amarya."

Ta dafa ƙasa da hagu ta miƙe. Ya kawo hannu zai taimaka, ta harare shi. Da ta shiga motar ta zauna, sai ta ja hanci.

"Wagga mota warin albasa takai."

"Mai ita ka son miya."

"Ɗan boko da ƙarya kamar kaza da tono. Ja mu tahi."

Fijo ta yi tari, ta yi atishawa, sannan ta yarda ta tashi. Duk ramin da suka faɗa sai Gudiya ta ji shi har tsakar ka, ta cije leɓe, ta huce a kan direba.

"Wa yab ba ka tuƙi? Jakin Tamu maƙwabcinmu ya hi ka sanin hanya."

"Jakin Tamu na da gilashi? Dubi gonaki, dubi hwadama. Shan iska ke nan."

"Gonakin ga da ni ka gani tun ban san kaina ba? Yau don na dube su ta taga sun zama abin kallo?"

"Ta taga sun hi kyau. Ke ma ta taga kin hi kyau."

"Allah shi shirye ka. Da kakanka na da rai da ya sa an zane ka."

"Da ya gode min. Na ɗauke mai kaya."

A bakin gadar Jega ya tsaya inda mata ke suyar kifi. Ya sayo manya guda biyu a takarda, an barbaɗa yaji, ya ajiye mata a cinya. Ƙanshi ya cika motar. Gudiya ta haɗiye miyau. Tana son kifi kamar me, amma dama ba ta ɗaguwa, ita kuwa ba za ta ci da hagu a bainar jama'a ba ko yunwa za ta kashe ta.

"Bisimilla, amarya."

"Na ƙoshi."

"Ke? Ke da kika cinye kan kihi ki bar ma jikoki ƙaya?"

"Kihin yanzu ba shi da daɗi. Tun da anka yi jahar ga taku kihi yal lalace."

"Ko azumi kikai?"

"Awo."

"Da goro cikin baki?"

"Na mutanen da na. Ba ka san shi ba."

Attahiru ya naɗe kifin ya ajiye. Ya tayar da mota, maimakon ya juya sai ya ratsa gari ya ɗauki hanyar Sakkwato. Gudiya ta san hanyar nan sarai, ta san garin da ke gaba.

"Mijin banza! Ina za ka da ni?"

"Iskar Jega ta yi ƙauri. Ta gaba ta hi sanyi."

"Tsaya in sauka!"

"Buɗe ƙohwa. Tana damanki."

Ta dubi marfin ƙofar, ta dubi mayafinta. Shi ma bai yi dariya ba wannan karon. Ya rage gudu ya gangara gefen titi, ya kashe motar a inuwar wata bishiyar dogon yaro.

"Inna, hannu ɗaya ba shi ɗaukar jinka. Nuna min."

Rabon da ya kira ta Inna har ta manta. Ta janye mayafin a hankali. Da ya ga kumburin da yadda hannun ya karkace, sai ya kawar da kai, idonsa ya kawo ruwa. Ita kuwa ba ta son a tausaya mata, don haka ta riga shi magana.

"Kuka za ka yi? Wane irin miji na wanga? Targaɗe na."

"Targaɗen da yam mai da hannu lauje? Ki ji ni. Raihanatu matata ta kusa, cikinta ya tsuhwa. Wa yaw wanke babana randa anka haihe shi?"

"Uwata. Ni ina kwance."

"Tau ni hwa?"

"Ni. Kana ta tsala ihu kamar ɗan akuya, da kai kamar tulu."

"Sauran jikokinki, su Bashar da Naja'atu?"

"Ni."

"Tau nawa ɗan wa za shi wanke shi? Matan asibitin Birni? Ko da hagu za ki riƙe min shi, shi suɓuce cikin kwatanniya?"

Nan ya same ta. Tun ranar da aka gaya mata cikin Raihanatu take tanadin sabulun salo da sabuwar ƙwarya, ba ta faɗa wa kowa ba. Ta daɗe tana kallon hannun.

"Ka san abin da nic ce ma mutumin ga gaban mutane."

"Wa bai sani ba? Ko awakin Mungadi sun haddace. Amma kwantar da hankalinki, Sambo ya tsuhwa, ɗanai ka ɗori yanzu. Ke ko da uban kinka yi rantsuwa, ba da ɗan ba."

"Ka tabbata?"

"Ni da kishi? In ɗauki matata in kai ma tsohon saurayinta shi riƙe? Ina da hankali."

"Ba ka da shi, amma ja mu tahi."

Tun kafin su shiga Aliero albasa ta tarbe su, tuli-tuli a bakin hanya, ana ta cusa ta a buhuna. Attahiru bai tambayi kowa hanya ba, ya bi lungu ya tsaya a ƙofar wani gida mai faffaɗan zaure. Gudiya ta lura da haka, ta ajiye a ranta. A cikin zauren mutane na zazzaune, wani da ƙafa a miƙe, wani da hannu a rataye. Wani magidanci na naɗa wa wani karan ɗori. Can gefe bisa buzu ga wani tsoho fari fat da furfura, yana jan carbi. Ko ba a faɗa ba ta gane shi, kunnuwan nan nasa ba su canza ba.

Ta gyara mayafi, ta ɗaga kai, ta shirya amsar da za ta ba shi in ya yi mata dariya. Attahiru ya durƙusa ya gaishe shi.

"Baba, kakata ta, Gudiya ta Mungadi. Hannu ta karye."

Tsoho ya ɗago ya dube ta sama da ƙasa.

"Wace Gudiya?"

"Ta Mungadi, Baba."

"Allah Sarki. Mutanen Mungadi na zuwa da yawa. Sannu, baiwar Allah. Ki jira yaro shi gama, shi duba ki." Ya koma kan carbinsa.

Wallahi da mari ya yi mata da ya fi mata sauƙi. Shekara da shekaru tana dafa labarin nan tana rabawa gida-gida, ashe wanda aka yi dominsa ko gishirinsa bai ajiye ba! Zugin hannu ya gushe, na zuciya ya taso.

"Baiwar Allah? Ni ta baiwar Allah? Sambo, dube ni da kyau!"

"Ina dubawa, Hajiya. Ido ya yi rauni."

"Kasuwar Jega! Rumhwar masu lalle! Kana sanye da wata riga shuɗiya da ta yi ma yawa, kana warin albasa!"

"Dut mutanen garin ga warin albasa sukai."

"Ka biyo ni har bakin gulbi kana roƙo!"

"Na bi 'yan mata da yawa, Allah shi gahwarta muna."

Masu karaya suka fara murmushi, har mai ƙafa a miƙe ya gyara zama. Attahiru ya matso yana raɗa mata, "Amarya, rabu da shi, ga ɗan nan ya gama."

"Kauce min! Yaro ba shi taɓa ni." Ta fizge mayafi, ta tako har gaban buzu, ta zauna, ta miƙa hannun. "Ga shi! Hannun da nic ce ba ka riƙewa. Riƙe ka gani ko ka tuna!"

Sambo ya ajiye carbi. Ya karɓi hannun da tafukansa biyu, a hankali, kamar mai ɗaukar ƙwai. Ya warware tsumman, ya bi ƙashin da babban yatsa, ya yi bisimilla ya tofa. Ya ce wa ɗansa ya riƙe gwiwar hannun.

"Rumhwar masu lalle kinka ce?"

"Awo! Kusa da masu—"

Ƙas! Ya ja, ya murɗa, ƙashi ya koma mazauninsa. Gudiya ta ƙwala salati da ya tashi kajin maƙwabta, ta haɗa da sunan uwarta da na kakarta. Kafin ta dawo hayyacinta an jera kara an naɗe, hannu ya miƙe sambal. Gumi ya jiƙa ta, amma wannan mugun zugin da ta kwana biyu tana fama da shi ya sauka.

Tsoho bai saki hannun nan da nan ba. Ya ɗan juya shi, yana duba aikinsa.

"Da kin ƙara jinkiri sai an sake karya shi." Sannan ya ƙara da murya ƙasa-ƙasa, "Ashe bai bushe ba, Gudiya. Kuma rigar ba shuɗiya ba ta. Tsanwa ta, ta wana ce nir ara."

Zaure ya kwashe da dariya. Gudiya ta janye hannunta. Ta dubi Sambo, yana dariya babu haƙori ko ɗaya. Ta waiga ta dubi Attahiru, ya duƙar da kai yana ta faman gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Sai warin motar nan ya dawo mata, da yadda ya shigo lungu bai tambayi kowa ba.

Sai da suka koma mota ta juyo kansa.

"Buɗe bayan motag ga."

Ya buɗe. Ga ƙullin albasa manya-manya, jajaye.

"Mai mota ka son miya, ko?"

"Sambo yab ba ni da sahe, ya ce in kai ma amarya. Nan nib biyo kahin in zo Mungadi. Na ce mai ko an kawo ki ba ki miƙa hannu. Yac ce in dai kawo ki, shi ya san inda aka taɓa ki."

"Kai da kac ce ɗanai ka ɗori?"

"Shi ka yi. Ke kinka ƙi shi gaban shaidu."

"Miji shi haɗa baki da kishiyarshi namiji a ci amanar matarshi! Wanga ko a tatsuniya ban ji ba."

"Ni na yi asara, an riƙe min mata ina kallo. Ke kin samu hannu, kin samu albasa, kin sha iska. Wa anka cuta?"

"Yanzu mi za ni ba mutane labari wurin suna?"

"Ki ce kin sa tsoho ya jira har haƙoranai sunka zube."

Gudiya ta yi ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya ƙi. Dariya ta ƙwace mata, tana yi tana riƙe hannu tana cewa wayyo. Da ta lafa, ta sa hagu ta kwance bakin zanenta da kyar, ta ciro farin goro guda, wanda take ɓoyo ba ta ba kowa.

"Ungo. Da hagu na, kuma ka karɓa. Ka ci ni yau, mijin banza."

Ya karɓa da hannu biyu.

"Ina kihin ga?"

"Azumin hwa?"

"Rana ta hwaɗi wurin mutanen da."

Ya warware takardar. Ta dubi hannun da ke naɗe, ta dubi hagu, ta dubi mutanen da ke wucewa. Attahiru ya gutsuro tsoka, ya zare ƙaya tsaf, ya kai mata baki.

"Buɗe, amarya."

"Ka cire ƙaya da kyau. Ni ban taɓa ba ka da ƙaya ba." Ta karɓa ta tauna, ta lumshe ido. "Kuma ka gaya ma Raihanatu kar ta kuskura ta haihu sai an kwance min karan ga."